Takalmin kyauta yana cin ƙafata a kan dutsen sileti

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 31, ina karatun digiri na biyu a garin Bangor da ke arewacin Wales, ina kuma taɓa ɗan aiki a ƙarshen mako. Matata da 'yarmu suna nan tare da ni. Bara wani abokin karatuna, ɗan ƙasar nan, ya ja ni zuwa wasan hawan dutse. Mun fara a bangon atisaye na cikin gini, daga baya ya riƙa kai ni tsofaffin ramukan haƙar sileti na Dinorwig da ke saman garin Llanberis. Wallahi abin ya shiga raina, shi kaɗai ke rage min kewar gida da damuwar karatu.

Da ya ga na dage, sai ya sayo min takalmin hawa sabo fil da kuɗinsa, mai tsada, irin wanda shi yake sawa: mai laushi, bakinsa a lanƙwashe kamar na shaho, kuma ya rage lamba biyu daga wadda nake sawa. Ya ce haka ake yi, in bai yi zafi ba to bai kama ba. A bangon cikin gini yana min aiki, amma a kan sileti ƙafata zamewa take yi, har sau biyu ina faɗowa igiya tana tare ni. Yanzu farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi, ko zaman tahiya da ƙyar nake yi. Ina jin nauyin gaya masa. Na ga wani takalmin a shago na kusan fam 130, amma matata ta ce kuɗin ya fi abin da muke aika wa Inna a wata, kuma dama tun farko ba ta son wannan wasa, ta ce ban zo Turai don in karye ba. Shin laifin takalmin ne ko ni ne ban iya ba? Wanne ya dace da sileti? Kuma yaya zan yi da su biyun?

Ƙaninka a Bangor

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ciwo, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da tambayar da na ga ta fi damun ka, don na lura ka ɓoye ta a tsakiyar sauran: kana tsoron ko kai ne ba ka iya ba. Kwantar da hankalinka. Mafi yawan laifin na takalmin ne, an ba ka kayan aikin wani wuri ka kai shi wani wuri. Akwai ɗan kason da yake naka, kuma zan zo kansa, amma kaso ne irin na kowane sabon shiga, har gwanayen da suka shekara goma suna hawan wasu duwatsu kan koma kamar 'yan koyo ranar da suka fara taka sileti.

Tunda ɗan Zariya ne kai, ina kyautata zaton ka taɓa hawa Kufena kana yaro, ko da silifas ko ma ba takalmi. Ka tuna yadda dutsen ke kama tafin ƙafa? Fuskarsa tana da kaushi, ko'ina ka ɗora ƙafa ka danna sai ta zauna, ko da babu wani tudu ko rami a wurin. Sileti kishiyar wannan ne. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin teku kusan shekara miliyan 500 da suka wuce, nauyi da zafin cikin ƙasa suka matse ta har ƙwayoyinta suka jeru shafi-shafi kamar takardun littafi. Shi ya sa ake iya tsaga shi falle-falle a rufa ɗaki da shi, kuma shi ya sa fuskarsa take sumul kamar allon da aka wanke. In ka shimfiɗa roba a kai ka danna kana jiran ta kama, jiran gawon shanu kake yi. Abin takawa a sileti shi ne 'yan bakunan da suka saura inda wani falle ya ɓalle ya bar gefensa, wani faɗinsa kamar kaurin kwabo biyu a haɗe, wani kamar tsinken ashana.

Ka kuma sani cewa bangayen da kake hawa a Dinorwig hannun mutum ne ya fito da su. Ma'aikata fiye da 3,000 ne ke fasa dutse a wurin a ƙarshen ƙarni na 19, da albarushi da kurfi, har aka rufe mahaƙar a 1969. Masu hawa ba su mamaye wurin sosai ba sai a shekarun 1980. Stevie Haston ya hau hanyar da ake kira Comes the Dervish a ramin Vivian a 1981, Johnny Dawes ya hau The Quarryman a Twll Mawr a 1986, sannan a 1990 ya hau The Very Big and the Very Small a bangon Rainbow, hanyar da wuraren takawarta suka yi ƙanƙantar da mutum zai tsaya a ƙasa yana kallo ya rantse babu komai a jikin bangon. Na kawo maka su ne don ka ga irin hawan da wurin ya gada tun asali: mutum ya ɗaga ƙafa ɗaya sama, wani lokaci har kusa da ƙugu, ya ɗora gefen babban yatsa a kan ɗan baki, sannan ya mirgina duk nauyin jikinsa a kanta ya miƙe tsaye. Hannu sau da yawa daidaita jiki kawai yake yi. Ƙafa ce ke ɗauke da kai.

To yanzu auna takalminka da wannan aiki. Takalmi mai laushi an yi shi ne don ya lanƙwasa, ya rungumi manyan tudun roba na bangon cikin gini, ya bar yatsunka su ji abin da suke takawa. Lanƙwasar bakinsa kuma amfaninta a bango mai rinjayowa ne, wanda ya sunkuyo kanka, inda kake buƙatar ka saƙalo dutse da yatsa ka jawo jikinka kamar da ƙugiya. A can gwani ne, shi ya sa ka ce yana maka aiki. Amma in ka ɗora shi a kan bakin da bai fi kaurin kwabo ba ka sakar masa nauyinka, robar sai ta naɗe, ta mirgine daga bakin, kuma babu abin da ke tallafar yatsanka sai ƙarfin tsokarsa. Kafin ka kai rabin hanya yatsan ya gaji, sha-raɓar ƙafarka ta fara rawa, daga nan sai zamewa. Ƙara da cewa yatsan a dunƙule yake yana maka zugi. Ƙafar da ke ciwo ba ta yarda a ɗora mata nauyi, kai da kanka za ka riƙa ɗage ta ba ka sani ba, kuma a sileti ƙafar da ba a danna ta sosai ba ita ce mai zamewa.

Abin da kake buƙata takalmi ne mai tauri, ko aƙalla matsakaicin tauri, wanda ke da ɗan faranti a tsakanin roba da tafin ƙafa, ta yadda in ka taka da bakinsa duk takalmin zai tsaya kamar ɗan katako ya raba nauyin zuwa sauran ƙafar. Ƙirarsa ta zama miƙaƙƙiya ko mai 'yar lanƙwasa kaɗan. Gefen robar ya zama da kaifi, kusurwa sosai, ba wanda ya cinye ya zama kamar bakin cokali ba. Gwajin da za ka yi a shago mai sauƙi ne: riƙe dunduniyar da hannu ɗaya, bakin da ɗaya hannun, ka gwada naɗe shi. In ya naɗe kamar tabarma, mayar da shi. In ya yi maka gardama, ya cancanci a gwada shi a ƙafa. Ni na fi son mai igiyar ɗaure takalmi a kan mai maɗaurin mannewa don irin wannan dutse, saboda igiya tana ba ka damar ɗaure gaban ƙafa tamau ka sassauta wani wuri, ƙafa ba ta juyawa a ciki. Wasu gwanaye suna hawan sileti da mai mannewa lafiya lau, don haka kar ka ɗauki wannan a matsayin doka.

Ita ma robar iri-iri ce. Kamfanin Vibram yana da wadda ake kira XS Edge, mai ɗan tauri, da aka yi don taka ƙananan bakuna, da kuma XS Grip 2 mai laushi da danƙo wadda ake yawan sa wa takalman bango mai rinjayowa. In ka juya takalmi za ka ga sunan a jikin robar ko a kwalinsa. Cikin takalman da masu hawa suka daɗe suna yabo wajen taka ƙananan bakuna akwai Miura da Katana Lace da TC Pro na La Sportiva, dukkansu da robar XS Edge, akwai dangin Vapor na Scarpa, akwai kuma tsohon Anasazi mai igiya na Five Ten wanda ya yi zamani a Birtaniya. Akwai wasu takalman da aka ƙera da gangan ba tare da kaifin gefe ba, robar ta zagayo bakin a dunƙule. Suna da nasu wurin, amma ga mai koyon sileti ba zan ce ka fara da su ba. Sunayen nan na ba ka ne don ka san abin da za ka tambaya. Kowane kamfani yana ɗinki a kan siffar ƙafa daban, wani na mai siririyar ƙafa ne, wani na mai faɗi, kuma da yawa daga cikinmu da muka taso cikin silifas da takalmin fata buɗaɗɗe gaban ƙafarmu a baje yake. Takalmin da ya yi wa abokinka kamar an auna shi, kai yana iya zame maka azaba.

Batun lamba biyu da aka rage maka yana da ɗan bayani, kuma zai sa ka yi wa abokinka adalci. Lambar takalmin hawa ba ta tafiya daidai tsakanin kamfanoni. A wasu, mutane da yawa suna rage lamba ɗaya ko biyu daga ta takalmin yawo kafin ya zauna, a wasu kuma lambarka ta kullum ita ce daidai. Sannan lambar Turai da ta Birtaniya ba ɗaya ba ce: tsakanin lamba da lamba a ma'aunin Turai kusan milimita 6.7 ne, a na Birtaniya kusan milimita 8.5. Wanda ya ji an ce "rage biyu" a ma'auni ɗaya ya je ya aikata a ɗayan, ya riga ya wuce gona da iri. Saboda haka ka manta da abin da aka rubuta a kwali, ka saurari ƙafarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda za ka gwada. Ka je shago da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ka yanke farce kafin ka je, ka sa ba safa in haka kake hawa. Babban yatsa ya taɓa ƙarshen takalmin ba tare da sarari ba, sauran yatsu su ɗan tanƙwara kaɗan amma kar su hau kan juna. Dunduniya ta zauna ba iska a ƙarƙashinta. Ka gwada ƙafa biyu, don kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya. Shagunan kayan hawa na Llanberis, irin su V12 da Joe Brown, mutanen da ke tsaye a cikinsu da yawa su ma masu hawan ramukan nan ne, ka gaya musu kai tsaye cewa na sileti kake nema kuma ga matakin da kake. Nemi wani ɗan siririn baki, ko gefen matakala ne, ka tsaya a kai da gefen babban yatsa na ƙafa ɗaya ka ƙirga zuwa ashirin. Matsi ya halatta. Zafi mai soka kamar allura, ko yatsa ya mutu ka daina jin sa, wannan bai halatta ba. Ka bar shi a ƙafa minti goma kana tsaye, in ka ƙagu ka cire tun a shago to a kan dutse abin zai fi haka muni, domin hanyoyin sileti ba a gama su da sauri, mutum kan daɗe tsaye a wuri ɗaya yana lissafin taku na gaba. Ka tambaya kuma ko na fata ne ko na yadin roba. Fatar da ba a yi mata shafi a ciki ba tana saki, har ta kai kusan lamba guda, na yadin roba kuwa yadda ka saye shi kusan haka zai zauna.

Amma duk wannan sai yatsa ya huce. Baƙin da ka gani jini ne ya taru ƙarƙashin farce saboda matsi da bugu. Yawanci yana tafiya da kansa yayin da sabon farce ke turowa, sai dai farcen ƙafa ba ya sauri, yana iya cin watanni da yawa, wani lokaci tsohon ya ɓalle. Kar ka huda shi da kanka. In ka ga kumburi, ko ja yana yaɗuwa, ko ruwa yana fita, ko zugin yana ƙaruwa maimakon raguwa, je ka ga likita ko ka fara da mai kantin magani, musamman in akwai ciwon suga a jikinka. Wasan da ya hana ka zaman tahiya cikin natsuwa ya karɓi abin da bai kamata ya karɓa ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar ajiye wancan takalmin yanzu. Ka huta makonni biyu ko uku, ko ka hau hanyoyi masu sauƙi a cikin gini da takalmin haya mai yalwa.

Sai abokinka. Na fahimci nauyin da kake ji sarai. Mu a gida an koya mana cewa kyauta ba a raina ta, an ba ka ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ko ba ta yi maka ba ka yi shiru. Kuma mutumin nan ya yi maka abin da ba kowa zai yi wa baƙo ba: ya jawo ka cikin abin da yake so, ya riƙe maka igiya, ya cire kuɗi daga aljihunsa. Maganar da ya gaya maka ta cewa sai ya yi zafi, shi ma gadonta ya yi, tsohuwar magana ce a tsakanin masu hawa tun zamanin da takalman fata ke saki da yawa, kuma ga wanda ke hawan gajerun bangaye masu wuya yana cire takalmi bayan kowane minti biyu, tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Kuskurensa ɗaya ne, ya saya maka takalmin hawa ba tare da ƙafarka tana wurin ba.

Sai dai ka duba abin ta wajensa. Shi ne ke riƙe da ɗaya bakin igiyar duk lokacin da ka zame. In ya gano bayan wata shida cewa kana ta cije baki kana jin ciwo saboda kunyarsa, kuma faɗuwar da yake ta tarewa kyautarsa ce sanadi, wane irin ji zai yi? A tsakanin masu hawa, maganar takalmin da bai dace ba hira ce ta yau da kullum, kusan kowa yana da wani a ƙarƙashin gado da ya saya bai yi masa ba. Ba za ta yi masa nauyin da kake zato ba. Ka fara da godiya ta gaskiya, ka gaya masa takalmin yana maka daɗi a bangon cikin gini, sannan ka nuna masa farcen. Farcen zai yi maka rabin bayanin. Ka ce masa kana son ya raka ka shago ku zaɓi na sileti tare, don shi ya fi ka sanin wurin. Da haka ka mayar da shi abokin shawara, kuma zumunta dama a ƙafa take. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kar ka sayar da kyautar a ɓoye. In bayan yatsa ya warke ka ga har yanzu ba ya shiga sai da azaba, ka tambaye shi ko ya yarda a sayar a zuba kuɗin cikin sabon, ko shi yana da wanda zai ba. Mai yiwuwa ma shi zai fara kawo shawarar.

Uwargida kuma tana da gaskiya fiye da yadda wasiƙarka ta ba ta. Magana biyu ta yi maka, ka haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ta kuɗi ce, kuma lissafinta daidai ne: ɗalibi mai iyali, ga haya, ga Inna tana jira, fam 130 ba abin da za a fitar a ce mata daga baya ba ne. Ta biyun ita ce babba, tsoro take ji. Ta baro danginta ta biyo ka ƙasar da ba ta da kowa sai kai, tana ganin ka fita da safe ka dawo kana ɗingishi, ka kuma ba ta labarin faɗowa har sau biyu. In ka ba ta amsar kuɗi kaɗai, tsoron zai sake fitowa ta wata ƙofa.

Ta fuskar kuɗi akwai hanyoyi. Da zarar ka gane ƙira da lambar da suka dace da kai, ka duba na hannu, domin mutane da yawa suna sayar da takalmin da suka sa sau biyu ko uku bai yi musu ba. Ka duba gefen robar yana da kaifi, kuma bakin bai huje ba. Shaguna kan karya farashin tsohon yayi in sabo ya fito, kuma launin bara ba ya hana takalmi taka dutse. Ba lallai ne ka sayi na ƙoli ba ma, takalman masu koyo da yawa miƙaƙƙu ne masu tauri, kuma a matakin da kake irin su sun fi na shahon nan amfani a sileti nesa ba kusa ba. In kuma shagon ya ɓata lokacinsa ya gwada maka kala biyar, kyautatawa ce ka saya a wurinsa in bambancin kuɗin ba shi da yawa. Sannan takalmi mai kyau ba a yar da shi in roba ta cinye. Akwai shumekan da aikinsu ke nan a Birtaniya, su sa masa sabon tafi da kuɗin da bai kai rabin sabo ba, muddin ka kai shi kafin ya huje. Duk wanda ka zaɓa, ka zauna da ita ku fitar da shi daga kuɗin aikinka na ƙarshen mako, kaɗan-kaɗan cikin wata biyu ko uku, kuɗin Inna kuma ko kwabo kar ya ragu. Lokacin jinyar yatsa ma ya ba ka sararin tarawa. Ka tambaye ta kuma ita me take so wa kanta a wannan zama, don mai gidan da ke da abin cire kewa alhali matarsa tana ɗaki da yarinya kullum, ko bai kashe ko sisi ba za a ji haushin wasansa.

Ta fuskar tsoro, kar ka ce mata babu haɗari, domin akwai. Sileti yana da kaifi, yana yanka fata, yana iya cin igiya in ta goga a gefe. Duwatsu suna ɓallowa a ramukan nan, tarin ɓaraguzan da ma'aikata suka bari ba su da tabbas. Wasu tsofaffin hanyoyin na shekarun 1980 ƙusoshin da aka kafa musu a jikin dutse don maƙala igiya kaɗan ne, na farkon ma yana can sama, da gangan aka yi su don masu ƙarfin hali. Abin da za ka iya yi mata alkawari shi ne abin da ke hannunka: hular kwano a kai kullum, hanyoyi masu ƙusoshi kusa-kusa irin waɗanda ke wasu hawa-hawan ɓangaren Dinorwig da ake kira Australia, igiya daga sama har sai ƙafarka ta saba, ba hawa in dutsen yana jiƙe. Sileti yana saurin bushewa bayan ruwa, wannan na cikin abin da ya sa ake son sa a ƙasa mai yawan ruwan sama irin Wales, amma kafin ya bushe santsinsa kamar sabulu ne. Ka riƙa gaya mata ramin da za ku da lokacin dawowa, ku duka ku san cewa in wani abu ya faru ana kiran 999 a nemi 'yan sanda sannan a ce ana son masu ceto na kan dutse. In hali ya yi nan gaba, cibiyar Plas y Brenin da ke Capel Curig tana koyar da hawa, kwana ɗaya ko biyu a hannun malami yana gyara kurakuran da aboki ba ya gani. Ka kuma riƙa duba bayanan ƙungiyar masu hawa ta Birtaniya, BMC, kan wuraren da aka yarda a shiga, don ramukan suna da masu su kuma dokar shiga tana canzawa.

Wata Asabar mai rana ka ɗauke su ita da yarinya ku je Llanberis. Ku zauna bakin tafkin Padarn, ku bi hanyar ƙafa da ta ratsa ta cikin mahaƙar, ta ga wurin da idonta. Tun 2021 yankin sileti na arewa maso yammacin Wales yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, wuri ne da iyalai ke zuwa yawo. Ta ga yadda ake ɗaura igiya, ta ga dattawa da mata suna hawa suna saukowa lafiya, ta gaisa da mutumin da ke riƙe maka igiya. Wataƙila ba za ta so wasan ba har abada, kuma haƙƙinta ne, amma abin da take hasashe a ɗaki ya fi abin da za ta gani muni.

Saura kason da na ce naka ne. Sabon takalmi ba zai taka maka dutse ba. Ka zuba wa wurin takawa ido har sai ƙafarka ta sauka a kai, kar ka ɗauke kai tun tana hanya. Ka taka da gefen ciki na babban yatsa, daidai inda robar ke da kaifi, in ta zauna kar ka sake murza ta. Dunduniya ta tsaya daidai, kar ka ɗage ta sama kamar mai leƙen katanga. Ka ja ƙugunka ya dawo saman ƙafar, domin mai tsoro yakan kwanta a jikin bango, kuma kwanciyar ce ke ture ƙafa waje. Ka koma hanyoyin da suka gaza ƙarfinka da mataki biyu ka yi ta maimaita su har ka fara yarda da abin da bai fi tsinken ashana ba.

Ka kuma samu ɗan tsumma ko guntun kafet ka riƙa sawa a jaka. Ƙasan ramukan nan cike yake da ƙurar sileti da danshi, taku biyu a kai sun isa su shafe robar da abin da zai sa ta santsi, kuma ina da yaƙinin ko a faɗuwarka biyu akwai hannun wannan. Kar ka yi yawo da takalmin hawa a ƙasa. Sa shi a gindin hanya kana tsaye kan tsumman, ka goge bakin da tafin hannu har sai ka ji robar tana ƙara, sannan ka ɗora ƙafa a dutse. Ranar zafi kuma ka nemi bangon da ke inuwa, don baƙin dutse yana shan rana, roba ta yi laushi ta riƙa naɗewa ko da takalmin mai tauri ne.

Ka gaida uwargida da 'yar tawa, a gaida Inna in an yi waya. In kun je shagon da abokin naka, rubuto ka gaya min wanda ya shiga ƙafar, da yadda farcen ya kwana.